Alkawarin Furen Laraba

Bakin Laraba ne ya jawo mata. Ita kanta ta sha faɗin haka daga baya.

Wata Talata ce a farkon watan Fabrairu, 'yan Zumuntar Mata na cocinsu da ke Tudun Wada sun zauna taron shirin Ista. Maman Gideon, sakatariyar zumuntar, ta jawo kwalin furannin roba daga ƙarƙashin benci ta ce a rarraba, kowa ta kai gida ta wanke, kamar yadda ake yi duk shekara. Furannin sun fi shekara goma suna aiki. Jajayen sun koɗe, fararen kuwa sun koma launin haƙorin mai cin goro.

Laraba malamar firamare ce. Shekararta ashirin da shida a Sakkwato, amma an haife ta ne a wani ƙauye kusa da Vom, can ƙasar Filato, kuma a can ta girma. Ta ɗaga wani fure da yatsu biyu ta ce, "Wai har yaushe za mu riƙa kai wa Ubangiji roba? A garinmu bakin rafi kawai za ka je, ka yanko kala-lili fari tas, ka cika bagaden coci."

"Wannan garinku ne, Maman Faith," in ji Maman Gideon. "Nan Sakkwato ko kare ba ya fita da azahar."

Aka fashe da dariya. Da Laraba ta bi su ta yi dariyar, da maganar ta wuce. Sai kawai ta ji ta ce, "Ni zan shuka a gidana. Istan nan za ku gani da idonku."

Maman Gideon ta buɗe littafin taro ta rubuta.

Da yamma Laraba ta buga wa yayarta Rifkatu waya. Kafin mako ya zagayo, direban motar Jos ya sauke mata wata leda a tasha. A ciki akwai saiwa guda shida, dunƙulallu, masu ƙananan idanu, kamar makani. Ta tone ɗan filin da ke jikin katangar gabas a tsakar gidanta, inda siminti bai kai ba, ta binne su a jere.

Tana cikin aikin maƙwabciyarta Hajiya Sadiyatu ta yi sallama ta shigo aron rariya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tun yaransu suna rarrafe suke tare.

"Malama, mi kike binnewa nan? Makani na?"

"A'a Hajiya, fure ne. Kala."

"Wace kala?"

"Sunansa ke nan, kala-lili. Fari ne."

"Ana cin shi?"

"Ba a ci."

"Magani na?"

"A'a."

"Shina da ƙamshi dai?"

"Ba sosai ba."

Hajiya Sadiyatu ta dubi ramukan, ta dubi Laraba, ta ɗauki rariyarta. "To, Allah shi ba da sa'a."

Abin da Laraba ta tuna game da furen nan shi ne yana son ruwa, domin a gida ƙafarsa a cikin laka take. Saboda haka ta riƙa kwarara masa bokiti safe da yamma. Cikin mako uku, guda huɗu suka tsiro, kore shar, a nannaɗe kamar tabarma. Ta ɗauki hotonsu a waya ta nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da ita a makaranta.

Sai bazara ta kankama. Kafin ƙarfe goma katangar ta ɗauki zafi har ba a iya jingina da ita, ƙasar da ta jiƙa da safe kuwa sai ta riƙa turiri. Ganyen suka fara ƙonewa daga gefe. Ta ƙara ruwa. Suka yi laushi suka kwanta. Ta sake ƙara ruwa. Ana saura kwana tara Ista ta kama ɗaya don ta miƙar da shi, sai ya biyo hannunta. Gindin ya narke ya zama kamar kunu, ga wani wari da ya sa ta toshe hanci. Ta tone sauran biyar ɗin da hannu, duk labarin ɗaya ne.

Mijinta Irmiya yana zaune a inuwa yana fifita da murfin kwali. Kafinta ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yanzu yana ɗan buga kujeru a wani shago a bakin titi. Ya ce, "Ai da kin tambaye ni, da na gaya miki dafa su kike yi."

"Da ka sani me ya hana ka magana?"

"Kin taɓa jin maganata a kan wani abu in kin sa kanki?"

Ranar Ista ta zauna a bencin baya. Furannin roba sun sha wanki suna jere a gaba. Da aka tashi, Maman Gideon ta zo ta gaishe ta da fara'a, ta tambayi lafiyar Faith da ke makaranta a Zariya, ta tambayi Baban Faith, ba ta ko ambaci fure ba. Wannan shirun ya fi yi wa Laraba ciwo a kan a ce an yi mata gori. Ba a tambaye ta ba ta ce, "Zafi ne ya ɓata min lissafi. Kirsimeti dai."

"Allah ya kai mu," in ji Maman Gideon.

A hutun watan Agusta Laraba ta tafi gida da kanta. Ta shiga bakin rafin da zani a ɗaure, ta zaɓi saiwa tara masu ƙiba, ta naɗe su a tsohuwar jarida. Rifkatu tana tsaye a kan dutse tana yi mata dariya, wai abin da su suke sarewa su zubar don ya toshe hanyar ruwa, shi ne ƙanwarta za ta ɗauka har Sakkwato kamar amarya.

Wannan karon ta ce ba za ta yi gaban kanta ba. Mijin Hajiya Sadiyatu, Alhaji Gidaɗo, manomin albasa ne, yana da fadama wajen Wamakko tun kakanni. Wata Asabar Irmiya ya shigo da shi tsakar gida. Ya tsuguna, ya juya saiwa ɗaya a tafin hannunsa, ya shinshina, ya sa Laraba ta ba shi labarin yadda garinsu yake da kuma yadda ta yi da na farko.

"Malama, wanga abu ɗan sanyi na," in ji shi. "Kin shuka shi bakin bazara, kina ta zuba mai ruwa, awa mai sa ƙwai cikin ruwan zahi shina jiran tsako. Nan garin dut abin da ba ya son rana sai a jira ruwa su ɗauke, sanyi shi shigo, lokacin dashen albasa. Kuma kar ki sa shi ƙasa. Nemi tukwanen ƙasa manya, a huda gindinsu, ruwa shi riƙa wucewa. Tukunya ta san yadda ake riƙe sanyi."

"Har zuwa yaushe ke nan, Alhaji?"

"Wata biyu da 'yan kwanaki. Ki aje su wuri mai iska, kar su ga ruwa."

Wata biyu da 'yan kwanaki sun yi wa Laraba nisa, amma ta yi biyayya. Ta shimfiɗa su a faifai, ta ɗora a saman kabad ɗin kicin, inda kaji ba sa kaiwa.

Ranar wata Asabar a watan Oktoba ta tafi koyon waƙa a coci, aka daɗe. Irmiya ya dawo daga shago da yunwa, ya buɗe tukwane bai sami komai ba. Yana laluben saman kabad sai hannunsa ya taɓa faifai. Ya zaɓi huɗu mafi girma, ya ɗora a wuta, bai ma bari sun dahu sosai ba ya sauke. Ya ɓare ɗaya, ya dangwala a manja da yaji, ya gatsa.

Laraba ta shawo kwanar layinsu ta hango mutane a ƙofar gidanta. Irmiya yana zaune a kan dakali, idanu sun yi ja suna zubar da ruwa, leɓensa ya kumbura, yawu yana dalala. Alhaji Gidaɗo yana riƙe masa ƙwaryar nono da Hajiya Sadiyatu ta aiko, yana cewa, "Kurkure ka zubar, sa'an nan ka sha." Irmiya yana ta nuna maƙogwaronsa yana cewa allurai ne, allurai.

"Me ya faru?" in ji Laraba.

"Makanin da ke saman kabad," in ji Irmiya da ƙyar.

Abin da ya fara fita daga bakin Laraba shi ne, "Guda nawa ka dafa?"

Kowa ya juyo ya dube ta. Ita ma ta ji abin da ta faɗa, amma magana zarar bunu ce. Aka sa Irmiya a keke napep aka kai shi wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Aka duba shi, aka ba shi magani, aka ce ya gode wa Allah da bai haɗiye da yawa ba. Kwana biyu kunu kawai yake iya sha. Kwana goma kuwa ba ya yi mata magana sai dole. In wani ya zo duba shi ya tambayi jiki, sai ya ce, "Da sauƙi. Huɗu na dafa, in ana son sani."

Ta ba shi haƙuri ya fi sau biyar. Amma a ranta ita ma tana da nata haushin, don manyan ya kwashe, ya bar mata 'yan ƙanana biyar. Kuma wai mutumin da aka juya saiwar nan a gabansa, a tsakar gidansa, shi ne zai ce bai gane ta ba.

A makon farko na Nuwamba ta sayo tukwane biyar. Irmiya ya huda su da abin aikinsa ba tare da ya ɗaga kai ya dube ta ba. Alhaji Gidaɗo ya aiko da rabin buhun baƙar ƙasar fadama, ya ce a gauraya da yashi da ɗan tsohon taki, ɗan kaɗan. Ta binne kowace saiwa zurfin yatsa, idanun suna kallon sama. Sai ta ƙirga kwanaki ta ga Kirsimeti saura mako bakwai. Ta je wajen wata mai kiwon kaji a bayan layinsu ta karɓo kashin kaji cikin bokiti, ta zuba wa kowace tukunya da hannu biyu. Ba ta gaya wa kowa ba.

Daga nan wahala ta fara. Furen yana son ranar safe, ba ya son ta azahar. Tsakar gidan kuwa babu wurin da yake da duka biyun. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta jawo tukwanen nan zuwa tsakiya, in ta dawo da rana ta ja su zuwa gindin dogon yaro. A ranakun da darasi ya riƙe ta, sai ta hau keke a lokacin hutun tara ta zo ta matsar da su ta koma. Ƙugunta ya fara ciwo. Famfo kuma sau biyu yake zuwa a mako, in ya ga dama. Ta ware jarka biyu ta ce na fure ne, kada wanda ya taɓa. Ran da ruwa ya yanke kwana biyar, Irmiya ya yi wanka da rabin bokiti yana kallon jarkokin a cike.

"Maman Faith, ni da tukwanen nan wa ya fara zuwa gidan nan?"

"Kai ba ka bushewa, Baban Faith."

Da tsiron ya fito sai ƙadangaru suka gano shi. Ta dawo wata rana ta tarar sun gwaguye na tukunya ɗaya har ƙasa, bai kuma sake tashi ba. Ta ɗauko tsohon gidan sauron Faith ta kafa sanduna ta rufe sauran huɗun. Hajiya Sadiyatu ta leƙo ta kan katanga ta gani, ta riƙe baki.

"Malama, yanzu kuma zazzaɓi kike tsoron shi kama su?"

Laraba ba ta yi dariya ba.

Amma huɗun nan sun yi kyau, ba a magana. Ganye ya fito faffaɗa, mai sheƙi, kamar an shafa masa mai. Kafin tsakiyar Disamba sun kai mata ƙugu. Kullum da safe sai ta ɗaga gidan sauron ta tsuguna, ta rarrabe ganyen da yatsa tana neman karan fure. Duk abin da ya nannaɗo daga gindi sai zuciyarta ta buga, bayan kwana biyu ya warware ya zama wani ganyen.

A taron shirin Kirsimeti, Maman Gideon ta buɗe littafi ta karanta abubuwan da suka taso daga baya. Ta karanta maganar gyaran labule, ta karanta ta shinkafa, sannan ta ce, "Sai furen Maman Faith."

"Yana nan ya girma," in ji Laraba. "Bai dai buɗe ba tukuna."

Wata daga baya ta ce, "To a kawo ganyen mana, ko miya ma yi."

"Ku yi miyar," in ji Laraba, "in kuna son kwana a asibiti." Ta ɗauki jakarta ta fita tun ba a yi addu'ar rufewa ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Kirsimeti ya zo ya wuce. Bayan kwana biyu ta roƙi Irmiya ya sake kiran Alhaji Gidaɗo. Ya zo ya zagaya tukwanen, ya murza ganye, ya tona ƙasar da ɗan yatsa ya shinshina. Sai ya ɗago ya dube ta.

"Malama, mi kika ƙara bayan abin da nic ce?"

Irmiya ya gyara tsayuwa.

"Kashin kaji ne," in ji Laraba. "Ɗan kaɗan."

"Wanga ba kaɗan ba na. Kin ƙosar da shi. Ko albasa in ta sami taki da yawa ganye takan yi ta yi, ta mance da kai. Wanda yaƙ ƙoshi mi zai sa shi wahalar da kai nai?" Ya ce ta kwashe ƙasar saman, ta zuba yashi, ta barbaɗa tokar murhu kaɗan, ta kuma daina ba shi komai sai ruwa. "In rabo na, shi yi kahin zahi shi dawo. In ba rabo ba, sai baɗi."

Da ya fita Irmiya ya buɗe baki zai yi magana. Ta ɗaga masa hannu. "Kada ka soma."

Ta yi yadda aka ce, amma zuciyarta ta riga ta fita. Ta ci gaba da jan tukwane don kawai ba ta san yadda za ta daina ba. Ta bar duba gindin ganyen. Saboda haka ba ita ce ta fara gani ba. Irmiya ne, wata ranar Laraba a ƙarshen Janairu, yana wanke baki a bakin magudana, ya ce, "Wancan na tukunyar ƙarshe ba kamar sauran yake ba."

Ta je ta duba. Kara ne siriri, ya miƙe tsakanin ganye, kansa a murɗe, kore mai haske. Ranar Alhamis koren ya fara washewa. Ranar Asabar da safe ya buɗe. Fari ne sol, mai kauri, a naɗe kamar mazurari, bakinsa ya ɗan lanƙwasa baya, a tsakiya ga wani ɗan sanda rawaya. Bai kai rabin girman na bakin rafinsu ba, kuma shi kaɗai ne a duk tukwane huɗun. Ta daɗe a tsugune a gabansa. Hajiya Sadiyatu ta shigo ta gani, ta ce, "Tubarkalla. Ashe da gaske kike." Sannan ta ƙara leƙa sauran tukwanen. "Guda ɗai?"

"Guda ɗaya," in ji Laraba.

Ta yi ta shawara da kanta ko ta bar shi a jikin uwarsa. Amma ba don tsakar gida ta shuka shi ba. Ranar Lahadi da sassafe ta yanke shi da sabuwar reza, ta sa a kwalba da ruwa, ta hau keke tana riƙe da shi da hannu biyu, tana ce wa mai keken ya bi a hankali a duk rami. Ta riga kowa isa. Adon Kirsimeti yana nan ba a sauke ba. Ta matsar da furannin roba gefe da gefe, ta ajiye kwalbarta a tsakiyar bagade, ta ja wani ganyen roba ta rufe kwalbar don kada ta ɓata kyan wurin. Sannan ta zauna a benci na biyu. Ta ƙudura ba za ta ce komai ba, sai sun gani da kansu.

Aka yi waƙa, aka yi karatu, Fasto ya yi wa'azi na kusan awa ɗaya, hannunsa yana wucewa ta saman furen. Aka yi sanarwa. Laraba tana ta satar kallon matan da ke gefenta. Babu wadda idonta ya tsaya a wurin.

A cikin sanarwar aka ce yau za a sauke ado. Da aka tashi, wata tsohuwar ɗalibarta ta tare Laraba a tsakiyar hanya da jariri a hannu, tana son ta sa masa albarka. Tana cikin yi wa jaririn wasa sai ta jiyo muryar Maman Gideon daga gaba.

"Wannan sabon wa ya sayo? Kai, robar nan ta yi kyau, ta fi namu. A wane shago?"

Laraba ta juya. Maman Gideon tana tsaye a gaban kwali, ta zaro furen, tana juya shi. Karan ya fi kwalin tsayi. Ta kama shi da hannu biyu ta lanƙwasa, kamar yadda take yi wa masu waya a ciki.

"Maman Gideon, tsaya!"

Ƙas. Kan furen ya rataya, wani ruwa mai yauƙi ya gangaro mata a yatsu. Maman Gideon ta dubi hannunta, ta dubi bagaden, sai a lokacin ta ga kwalbar.

"Wayyo Allah. Maman Faith. Na gaske ne?"

Matan suka taru. Kowa tana son ta taɓa. Wata ta kai hanci, wata ta murza gefen farin da yatsa don ta tabbatar, wurin ya yi tabo nan take. Laraba ta miƙa wa mai jariri ɗanta, ta zo ta karɓi furen. Muryarta ba ta tashi ba.

"Shekara ɗaya," ta ce. "Mijina ya kusa mutuwa a kansa."

"Don girman Allah ki yafe ni. Ban taɓa ganin na gaske ba, a hoto kawai. Ya yi kyau ne har ya wuce a ce tsiro ne." Idanun Maman Gideon sun ciko, kuma da gaske take. "Zan rubuta a littafi cewa kin cika alkawari."

"Ki wanke hannunki tukuna, kada ki kai shi ido ko baki," in ji Laraba. "Littafin kuma ki rubuta abin da kika ga dama."

A gida ta datse karan ta sa kan furen a kofin shayi. Ya kwana uku a kan tebur kafin ya yi ruwan ƙasa. Irmiya bai yi mata ba'a ba ko sau ɗaya. Da yammacin Litinin Maman Gideon ta zo har gida da kwanon masa, suka zauna suka yi hirar duniya, amma Laraba ba ta kai ta wajen tukwanen ba.

Wani furen bai sake fitowa ba. Da watan Maris ya shigo ganyen suka fara rawaya ɗaya bayan ɗaya, suka kwanta a bakin tukwane. Laraba ta daina ba su ruwa, ta cire gidan sauron ta wanke ta ninke. Ta ce wa Irmiya ta gama, ko a mafarki aka ce mata kala-lili za ta farka. Tukwanen kuwa ba za su zauna a banza ba, yakuwa za ta zuba.

Wata Asabar ta kifar da tukunyar farko don ta sauya ƙasa. Ƙasar ta tarwatse, sai ga saiwa ta gangaro, tauri gam, ta ninka yadda aka binne ta, ga 'ya'ya manne a jikinta. Ta kifar da ta biyu, haka. Da ta gama da huɗun ta ɓanɓare su ta tara, goma sha uku ne.

Ta zauna a kan kujerar tsugunno tana kallonsu, ranta a ɓace. Ta riga ta yi sallama da abin nan, ga shi ya ƙi tafiya.

"Zuba su a bola ki huta," in ji Irmiya.

"A bola, akuyoyin mutane su ci, a zo ana buga mana ƙofa?"

"To ƙona su."

Hajiya Sadiyatu, wadda take jin su ta bayan katanga, ta ɗago kai ta ce, "Malama, kar ki ƙona. Alhaji ya ce in sun yi ɗiya ki ba shi biyar. Akwai wani wuri gindin mangwaro bakin rijiya tai, ƙasar ba ta bushewa. Shina son shi gani ko za su yi."

"Hajiya, ki gaya masa wahala ce zalla. Ba a ci, ba a magani."

"Na gaya mai. Ya ce shi dai abin ya tsaya mai a rai."

Laraba ta zaɓi biyar ta miƙa ta kan katanga. Sauran takwas ɗin ta shanya su a inuwa kwana biyu, ta zuba su a wani tsohon bokiti, ta rufe da busasshen yashi, ta tura ƙarƙashin gado. Irmiya ya gani. Ta ce masa ajiyewa kawai ta yi kafin ta san inda za ta zubar.

Yakuwar kuwa da yamma ta watsa irinta a tukwanen, ko rami ba ta yi ba, ta kwara musu ruwan wanke-wanke ta shige ɗaki. Ba ta ja tukunya ko ɗaya zuwa inuwa ba. Ranar kwana na huɗu ta fito da safe ta tarar duk huɗun sun cika da tsiro, kore shar, har suna ture juna. Ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu, ta ja dogon tsaki.